Turjiya

Kakana ya ce ba wanda ya zaɓi wurin nan,
jakin Mantau ne ya zaɓa.
Sun fito ta Ƙofar Gayan da jijjifi,
su huɗu, gatari biyu, irin dawa a tsohon taiki,
sun nufi hayin Galma, inda aka ce ƙasar baƙa ce.
Jaki ya iso gindin wata kanya, ya durƙusa.
Aka ja, aka tura, aka yi masa magiya,
Mantau ya share gumi ya ce, to, a sauke kaya.
Sunan garin ke nan: Turjiya.

Shekarar farko birai suka ci rabi,
jan-baki ya ci rabin saura.
Tambai matar Mantau ta ware na iri a tulu,
ta liƙe bakinsa da laka,
in yara sun yi kuka sai ta zauna a kai.
Tafasa aka ci, da rama, har ruwa ya sauka.
Ba a rubuta sunanta ko'ina ba,
amma duk zangarniyar da ke rumbunanmu
jikar tulun nan ce, ku tambayi kowace tsohuwa.

A gaba bakwai rijiya ta rufta da Dogara.
Kwana biyu suna tono da hannu.
Kafin ranar, kullum ana zancen komawa birni,
bayan ranar ba wanda ya sake tayarwa,
don kabari ne abu na farko da suka mallaka
wanda ba ya ɗaukuwa a bayan jaki.
Taku goma daga nan suka sake haƙa rijiya.

Auduga ta zo da ma'auninta mai cin rabo,
taba ta zo, ta bar mana rumfunan shanya,
rake ya zauna a fadama, ya ƙi tashi,
har yau ƙamshin mazarƙwaila ke fara gaida baƙo.
Malaman gona suka zo daga Samaru
da irin masara a takarda, da taki kamar gishiri.
Aka ba su tabarma, aka dama musu fura,
aka ce madalla, aka raka su har mota,
sannan aka shuka irin a bakin kunya ta ƙarshe,
aka zuba masa ido damina uku
kafin a bar shi ya shiga tsakiya.

Haka muke. Ba ma cewa a'a,
sai dai mu ce bari mu gani.
Bashi a nan ba a rubuta shi, ba a kuma mantawa.
Wanda ya kwanta ciwo a watan noma
zai tashi ya tarar an yi masa maimai,
ba wanda zai ce shi ya kira gayya.

Samarinmu suna Kwangila, suna haya da babur,
amma hadarin fari na haɗowa gabas
za ka ga ƙafafu sun dawo neman fartanya.

Yanzu birnin da muka baro ya biyo sawu.
Bara wani ya zo da igiyar awo da turaku,
ya ce wa Baffa Ɗanjuma gonarsa filoti goma sha biyu ce.
Baffa ya dubi gonar, ya dubi takalmin mutumin,
ya ce shi a saninsa dami arba'in ce,
in an samu ruwan Agusta.

Kanyar tana nan, rabinta ya bushe.
Jaki kuwa babu ko ɗaya a garin yau,
sai a-kori-kurar Sallau mai kai tumatir kasuwa,
wadda duk ta iso gindin bishiyar nan
sai ta yi tari, ta mutu.
A ja, a tura, a yi mata magiya,
tsofaffi na kan dakali suna dariya.